Ƙaiƙayin Mai Ciki: Ciwon Hantar Uwa Da Kan Taɓa Numfashin Jariri

A cikin wahalhalun da mace mai juna biyu takan sha kafin Allah ya sauke ta lafiya, da wuya a sami wadda jama'a suka raina kamar ƙaiƙayi. Idan mai ciki ta yi kukan ciwon mara, ko ta ga jini, ko ƙafafunta suka kumbura, nan da nan hankalin mutanen gida yakan tashi, a shiga neman mota. Amma idan ta ce jikinta ne yake yi mata ƙaiƙayi har ya hana ta barci, galibi abin da za ta ji shi ne ta yi haƙuri, zafi ne, ko kuwa fatar ciki ce take miƙewa, da ta haihu zai wuce. Sau da yawa maganar tasu gaskiya ce. To, amma akwai wani irin ƙaiƙayi guda wanda tushensa yana cikin hanta, kuma shi wannan, ko da yake uwar takan warke sarai bayan haihuwa, yana iya jefa ɗan da ke cikinta cikin hatsari iri biyu: ko dai ya rasu a ciki ba zato ba tsammani, ko kuwa ya fito duniya numfashi ya gagare shi.

Likitoci suna kiran wannan cuta kolestasis na masu ciki, watau tsayawar ruwan maɗaciya a cikin hanta. Alamarta ta farko, kuma sau da yawa ita kaɗai ce, ƙaiƙayi ne mai tsanani wanda yakan fi damun tafin hannu da tafin ƙafa, sa'an nan ya bazu zuwa sauran jiki. Yakan fi tsananta da dare. Yawanci yakan bayyana a watanni uku na ƙarshen ciki, ko da yake wani lokaci yakan zo da wuri. Abin da ya raba shi da ƙurajen zafi da ƙazuwa da borin jini shi ne ba ya zuwa da ƙurji ko ɗaya. In an duba fatar babu abin da za a gani sai sawun farcen da aka yi susa da shi. Haka kuma ya sha bamban da ƙaiƙayin nan da maganin kulorokwin yakan sa wa baƙar fata, wanda manya da yawa a ƙasar nan ba su manta da azabarsa ba, domin shi wancan yakan lafa 'yan kwanaki bayan an daina shan maganin, shi kuwa wannan yakan bi mace har ranar haihuwa. Wasu matan fitsarinsu yakan yi duhu, bayan gidansu ya yi fari-fari, amma kaɗan ne ƙwarai idanunsu kan yi rawaya irin na shawara.

Batun shawara kuwa yana bukatar a ɗan tsaya a kansa, don kada a haɗa cututtuka biyu wuri guda. Mai cikin da idonta ya yi rawaya, ga zazzaɓi, ga amai, ga kasala, ba a kwana da ita a gida, domin wannan yakan zama ciwon hanta ne na ƙwayar cuta, wanda yake iya kashe uwar da kanta. An ga haka a cikin 2017, sa'ad da ciwon hanta nau'in E ya ɓarke a jihar Diffa ta Jamhuriyar Nijar, inda mata masu ciki suka fi kowa mutuwa. Ita kuwa mai kolestasis tana cin abincinta, tana aikin gidanta, ba ta da zazzaɓi, in ban da rashin barci da susa ba ta da wani kuka. Wannan lafiya da ake gani a zahiri ita ce take sa a yi sakaci da ita.

Aikin maɗaciya a jikin mutum

Duk wanda ya taɓa gyaran kaza, ko ya tsaya ya ga mahauci yana fiɗar akuya, ya san 'yar jakar nan mai koren ruwa da ke manne da hanta, wadda ake kaffa-kaffa da ita kada ta fashe ta ɓata nama da ɗaci. Ita ce maɗaciya, wasu kuma su ce matsarmama. Ajiyar ruwan kawai take yi. Hanta ce take yinsa, kimanin rabin lita ko fiye kowace rana a jikin baligi, ta tura shi ta wasu 'yan siraran hanyoyi har zuwa hanji. A cikin ruwan akwai sinadaran da ake kira gishirin maɗaciya, aikinsu kuwa shi ne narkar da maiƙon abinci, kamar dai yadda sabulu yake kama maiƙo a jikin kwano ya gauraya shi da ruwa. Mai karatu ya riƙe wannan kwatanci na sabulu, don a kansa sauran bayanin zai tsaya. Bayan gishirin ya gama aikinsa, hanji yakan tsotse kusan kashi 95 cikin ɗari ya mayar wa hanta ta cikin jini, ita kuma ta sake amfani da shi. Saboda haka a jinin mai lafiya ɗan kaɗan ne ake samu yana yawo.

Idan ciki ya tsufa, sinadaran da ke riƙe da shi, watau estirojin da furojestaron, sukan yawaita ƙwarai, kuma yawan nasu yakan rage wa hanta saurin fitar da ruwan maɗaciya. Yawancin mata hantarsu takan jure wannan ba tare da sun ko sani ba. Amma akwai waɗanda suka gaji rauni a wasu ƙwayoyin gado da ke kula da fitar da ruwan, irin su waɗanda masana suka laƙaba wa ABCB4 da ABCB11. A wurinsu sai ruwan ya riƙa tsayawa, gishirin ya koma cikin jini ya taru. Shi ya sa cutar takan bi dangi, a ga uwa ta yi, 'yarta ma ta yi. Shi ya sa kuma ta fi kama masu cikin tagwaye, waɗanda sinadaran cikinsu suka fi yawa, da masu ciwon hanta nau'in C.

Wani likitan mata Bajamushe mai suna Friedrich Ahlfeld ne ya fara bayyana cutar a rubuce a cikin 1883, sa'an nan likitocin ƙasar Suwidin suka faɗaɗa bayaninta a shekarun 1950. Amma inda ta fi yin suna shi ne ƙasar Cile a Kudancin Amurka. A wani bincike da Dokta Humberto Reyes da abokan aikinsa suka buga a 1978, an tarar cewa a cikin matan ƙabilar Mapuce, 'yan asalin ƙasar, fiye da ɗaya cikin huɗu sukan yi wannan cuta in sun sami ciki. Daga baya adadin ya ragu ƙwarai a ƙasar, abin da ya nuna cewa bayan gado akwai hannun abinci da muhalli a ciki. A Birtaniya kimanin mata 7 cikin 1,000 ne suke yinta, amma a cikin waɗanda asalinsu Indiya ne ko Pakistan adadin ya kusan ninka haka.

Yadda abin yake isa ga ɗan tayi

Ɗan da ke ciki shi ma hantarsa tana yin gishirin maɗaciya tun yana 'yan watanni, alhali kuwa ba shi da hanyar zubar da shi da kansa. Dabarar da aka halitta masa ita ce ya tura shi ta igiyar cibiya zuwa mabiyiya, daga nan ya tsallaka cikin jinin uwa, hantar uwa ta kwashe. Wannan yana yiwuwa ne muddin jinin uwa bai cika da gishirin ba, kamar yadda ruwa yake bin gangare. To, idan uwa ta kamu da kolestasis, gangaren yakan juya. Masu bincike a Landan, ƙarƙashin Farfesa Catherine Williamson, sun auna jinin iyaye da na igiyar cibiyar 'ya'yansu, suka nuna a 2014 cewa a wannan cuta gishirin da ke jinin uwa yakan fi na ɗan yawa, ta yadda maimakon ya fita daga wurin ɗan sai ya taru masa. Yakan taru a jininsa, ya taru kuma a ruwan fayar da yake kwance a ciki.

Ɓarnar da tarin yakan yi ba a wuri ɗaya take ba. Gwaje-gwaje a ɗakin bincike sun nuna gishirin yana rikita bugun ƙwayoyin naman zuciya, yana kuma matse jijiyoyin jinin mabiyiya, kuma a nan ne masana suka fi ɗora dalilin mutuwar farat ɗaya da ɗa yakan yi a ciki, wanda jiya an ji motsinsa lafiya lau. Yana kuma sa mahaifa ta yi saurin amsa kiran naƙuda, shi ya sa haihuwa kafin lokaci ta yi yawa ga masu cutar. Har wa yau yana motsa hanjin ɗan, ya saki baƙin kashin nan na fari tun yana ciki, ruwan faya ya yi kore. Amma ɓarnar da aka fi daɗewa ba a gane ta ba ita ce wadda yakan yi wa huhu.

Maiƙon huhu

Huhun ɗan tayi cike yake da ruwa, ba ya shaƙar iska, mabiyiya ce take yi masa numfashi. Da zarar ya faɗo, tilas ne cikin 'yan daƙiƙoƙi ruwan ya kau, miliyoyin 'yan jakunkunan iska da ke cikin huhun su buɗe, kuma su tsaya a buɗe. Wahalar a nan ita ce jikakken abu siriri yakan so ya manne da kansa, kamar jikakkiyar leda da ake fama kafin a raba bakinta. Abin da yake hana jakunkunan nan mannewa duk sa'ad da aka fitar da numfashi shi ne wani maiƙo da huhu yake shafa wa cikinsu, wanda likitoci suke kira safaktan. Huhu yakan fara yinsa wajen mako na 24 na ciki, amma ba ya wadata sai wajen mako na 34 zuwa 36. Jaririn da ya rasa shi, kowane numfashi da zai ja tamkar na farko ne, sai ya sake buɗe huhun da ƙarfin tsiya, har ya gaji.

A cikin 1959 ne Dokta Mary Ellen Avery da Jere Mead na Jami'ar Habad a Amurka suka gano cewa rashin wannan maiƙo ne yake kashe bakwaini da yawa. Shekaru huɗu bayan haka, a watan Agusta na 1963, cutar ta kashe Patrick, ɗan Shugaba Kennedy na Amurka, kwana biyu da haihuwarsa, duk da ƙwararrun likitocin da suka taru a kansa. Sai a 1980 wani likitan Japan, Tetsuro Fujiwara, ya ba da rahoton nasarar zuba wa jarirai goma maiƙon da aka harhaɗa ta cikin maƙogwaro. Tun daga lokacin aka ɗauka cewa wannan ciwon numfashi na bakwaini ne, wanda huhunsa bai ƙosa ba.

Sai ga shi a 2004 wasu likitocin jarirai a Jami'ar Katolika ta birnin Rum a Italiya, Dokta Enrico Zecca da abokan aikinsa, sun kawo labarin jarirai uku da suka saɓa wa wannan fahimta. Dukansu an haife su dab da cikar lokaci. An gwada ruwan fayar iyayensu kafin haihuwa, gwajin ya nuna huhunsu ya ƙosa. Ba su shaƙi kashi ba, ba a kuma sami ƙwayar cuta a jininsu ba. Duk da haka numfashi ya gagare su har sai da aka sa su a na'ura, kuma biyu daga cikinsu da aka zuba wa maiƙon huhu sun sami sauƙi. Abin da ya haɗa su shi ne iyayensu mata duka suna da kolestasis mai tsanani, su kuma jariran jininsu cike yake da gishirin maɗaciya.

Likitocin ba su tsaya nan ba. A 2006 suka buga wani binciken inda suka gwama jarirai 77 na masu cutar da jarirai 427 na matan da ba su da ita, waɗanda aka haifa a makonni makamanta. Ciwon numfashi ya kama kashi 28.6 cikin ɗari na rukunin farko, ya kama kimanin kashi 14 na rukuni na biyu, watau ninki biyu ke nan. Sa'an nan a 2008 suka ɗebo ruwa daga huhun jariran da ke kan na'ura suka auna. A huhun 'ya'yan masu kolestasis duka an sami gishirin maɗaciya. A huhun sauran jarirai, har da masu ciwon numfashi irin na bakwaini, ba a same shi ba. Bisa ga yawan da suka gani a jinin jariran, suka karkata ga cewa ta cikin jini gishirin yake isa huhu.

A nan ne kwatancin sabulu ya dawo. Abin da aka halitta domin ya narkar da maiƙon abinci a hanji, in ya sami kansa a huhu, sai ya tarar da wani maiƙon. Bayanin da masana suka fi amincewa da shi shi ne gishirin yana ƙara wa wani sinadari mai suna fosfolaifes ƙarfi, shi kuwa aikinsa farfasa irin maiƙon da aka yi safaktan da shi, daɗin daɗawa kuma gishirin yana tayar da kumburi a cikin huhun. Gwaje-gwajen da aka yi da dabbobi sun goyi bayan haka. Ke nan jaririn mai kolestasis yana iya yin maiƙonsa daidai gwargwado, amma ana lalata masa shi tun kafin ya amfana. Ya kamata dai a faɗa cewa alƙaluman birnin Rum daga asibiti ɗaya suka fito, jariran kuma ba su da yawa, sai dai wani bincike da aka yi a Faransa aka buga a 2020 ya sake samun ƙarin ciwon numfashi ga 'ya'yan masu cutar, ko bayan an yi la'akari da makon da aka haife su.

In an haɗa da sauran hanyoyin biyu da aka ambata, sai a ga numfashin jaririn yana fuskantar barazana ta fuska uku: ga haihuwa kafin huhu ya ƙosa, ga gishirin da ke cin maiƙon, ga kuma baƙin kashin da yake iya shaƙa lokacin haihuwa, wanda yakan toshe hanyoyin iska, kuma shi kansa yana ɗauke da gishirin maɗaciya. A wani ƙidaya da aka yi a asibitocin Birtaniya baki ɗaya aka buga a 2014, an bi mata 713 masu cutar mai tsanani: kashi 25 cikin ɗari sun haihu kafin lokaci, alhali a sauran mata kashi 6.5 ne, kuma kashi 12 na jariransu sai da aka kwantar da su a sashen jarirai, inda a sauran bai kai kashi 6 ba.

Gaba kura, baya siyaki

Cutar ba ta da magani na ƙarshe sai haihuwa, domin da zarar mabiyiya ta fita sinadaran ciki sukan sauka, hanta ta koma aikinta. Saboda tsoron kada ɗa ya mutu a ciki, shekara da shekaru asibitoci da yawa a Turai da Amurka sun riƙa tayar wa duk mai wannan cuta naƙuda a mako na 37, wasu ma kafin nan, ba tare da bambanta mai tsanani da mai sauƙi ba. Niyyar mai kyau ce, amma kowane mako da aka rage wa ciki an rage wa huhu lokacin ƙosawa ne, kuma huhun da ake magana a kansa wanda gishiri ya riga ya taɓa ne. In an jira, ana tsoron gawa. In an gaggauta, ana tsoron kwalba. Babu shakka an fito da jarirai da yawa da wuri waɗanda da an bar su babu abin da zai same su.

Abin da ya fara warware wannan tsaka mai wuya shi ne awon gishirin a jinin uwa, wanda ake lissafawa da ma'aunin maikromol a kowace lita. A yammacin Suwidin, Dokta Anna Glantz da abokan aikinta sun bi ciki 45,485, suka sami mata 693 masu cutar, suka kuma bayyana a 2004 cewa matsalolin ɗan tayi ba su ƙaru ba sai awon ya kai 40. Yawancin matan, kimanin huɗu cikin biyar, ba su kai wannan matsayi ba. Sa'an nan a 2019 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani babban nazari da Dokta Caroline Ovadia ta jagoranta, wanda ya tattara bayanan mata fiye da 5,000 daga ƙasashe daban-daban. A cikin masu ɗauke da ɗa guda, waɗanda awonsu bai kai 40 ba an sami ɗa babu rai kimanin 1 cikin 1,000. Daga 40 zuwa 99 kimanin 3 cikin 1,000, wanda bai wuce abin da ake gani ga sauran mata a ƙasashen ba. Amma daga 100 zuwa sama adadin ya yi tsalle ya haura 34 cikin 1,000.

A kan waɗannan alƙaluma ne Kwalejin Likitocin Mata da Haihuwa ta Birtaniya ta gina sabuwar shawararta ta 2022. Mace mai ƙaiƙayi ba ƙurji, wadda awonta ya kai 19, ana ɗaukarta mai cutar. In awon yana tsakanin 19 da 39, kuma babu wata matsala, ana iya barinta har mako na 40. In yana tsakanin 40 da 99, a shirya haihuwa a mako na 38 zuwa 39. In ya kai 100, a shirya a mako na 35 zuwa 36, domin a nan hatsarin zama a ciki ya rinjayi hatsarin fitowa. Takwarorinsu na Amurka, a shawararsu ta 2021, sun fi karkata ga gaggawa: mako na 36 ga wadda ta kai 100, tsakanin 36 da 39 ga sauran. Abin lura shi ne tsananin ƙaiƙayi ba ya nuna tsananin cutar. Wata tana susa har ta ji wa kanta ciwo alhali awonta ƙasa yake, wata kuwa ƙaiƙayin nata da sauƙi amma awon ya haura 100. Kuma awon yakan hau yayin da ciki yake tsufa, wani lokaci ma ƙaiƙayi yakan riga shi bayyana da makonni, don haka gwaji ɗaya ba ya isa, sai an maimaita. Ba kowane asibiti ne yake da kayan wannan gwaji ba. Inda babu, likita yakan duba sauran gwaje-gwajen aikin hanta, ya tura jinin ko matar zuwa babban asibiti.

Akwai maganin da aka daɗe ana bayarwa, mai suna ursodioksikolik, wanda a taƙaice ake cewa urso. Shi kansa wani nau'in gishirin maɗaciya ne mai sanyin hali, kuma an fara gano shi ne a maɗaciyar dabbar nan ta ƙasashen sanyi da ake kira beya, ko da yake yanzu a masana'anta ake haɗa shi. An sa rai a kansa ƙwarai. Amma da aka gwada shi sosai a asibitoci 33 na Ingila da Wales, a kan mata 605, rabi suna shan maganin rabi suna shan ƙwayar da babu komai a cikinta, sakamakon da Farfesa Lucy Chappell da abokan aikinta suka buga a 2019 ya nuna bai rage jimillar mutuwar jarirai da haihuwa kafin lokaci da kwanciya a sashen jarirai ba, ƙaiƙayin ma kaɗan ya rage. Wani nazari na 2021 da ya haɗa gwaje-gwaje da dama ya sami alamar yana rage haihuwa kafin lokaci, don haka likitoci da yawa ba su bar bayar da shi ba. Abin da bai kamata ba shi ne a ba mace ƙwayar a ɗauka an gama da ita, a daina awo.

Shirin da za a yi wa jariri

Tun da an san numfashi ne abin tsoro, to shirin ya kamata ya riga haihuwar. Idan ya zama tilas a fito da ɗa da wuri, akan yi wa uwa allurar da ke gaggauta ƙosawar huhu, wadda Liggins da Howie suka tabbatar da amfaninta a birnin Oklan na ƙasar Niyu Zilan a 1972. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake gwada ta a asibitoci 29 na ƙasashe biyar, har da Nijeriya, kuma sakamakon da ya fito a 2020 ya nuna allurar deksametason ta rage mutuwar jariran da aka yi wa iyayensu ita tsakanin mako na 26 da na 33, daga kashi 23.5 zuwa kashi 19.6 cikin ɗari. Daga mako na 34 zuwa 36 kuwa amfaninta ya fi ƙanƙanta, kuma tana iya sa sukarin jinin jariri ya faɗi, shi ya sa likita ne zai auna ya yanke. Cutar kanta ba dalilin yin tiyata ba ce. Hasali ma tiyatar da aka yi kafin naƙuda ta fara takan bar ruwa a huhun jariri, domin naƙuda tana taimaka wa huhu ya kawar da ruwansa, saboda haka in babu wani dalili dabam an fi son a tayar da naƙuda mace ta haihu da kanta.

Mai wannan cuta bai dace ta haihu a gida ba, komai yawan haihuwar da ta yi a baya lafiya, kuma ba kowane ɗakin shan magani ne ya dace da ita ba, sai inda akwai iskar oksijin da masu kula da jarirai. Ciwon numfashin yakan nuna kansa cikin sa'o'in farko. Jaririn zai riƙa numfashi da sauri, fiye da sau 60 a minti ɗaya. Hancinsa yana buɗewa. Tsakanin haƙarƙarinsa da ƙasan ƙirjinsa suna lotsawa duk sa'ad da ya ja iska. Yana wani ɗan nishi in zai fitar da ita. Leɓɓansa da harshensa su sauya launi su yi shuɗi-shuɗi. Ya kuma kasa kama nono. Nishin nan ne ya fi yaudarar mutane, don sau da yawa akan ɗauka kukan shagwaɓa ne ko barci, alhali dabara ce da jaririn yake yi don ya hana huhunsa rufewa. Na'urar da ke tura iska a hankali ta hanci, wadda aka fara amfani da irinta a 1971, tana yi masa wannan aiki, kuma yanzu akwai masu sauƙin kuɗi da aka ƙera domin asibitocin Afirka. Wanda abin ya yi wa tsanani akan zuba masa maiƙon huhu, kamar yadda aka yi wa jariran birnin Rum.

Ita kuwa uwa, ƙaiƙayin yakan tafi cikin 'yan kwanaki bayan ta sauka, kuma babu abin da zai hana ta shayarwa. Ana so ta koma a sake gwada jininta bayan mako huɗu ko fiye, domin in bai daidaita ba to akwai wani ciwon hanta da ciki ya tona, wanda yake bukatar a bi sawunsa. In za ta karɓi maganin tazarar haihuwa ta gaya wa ma'aikaciyar abin da ya same ta, saboda ƙwayoyin da ke ɗauke da estirojin sukan tayar wa wasu matan da ƙaiƙayin. Cutar takan dawo a ciki na gaba ga fiye da rabin waɗanda suka taɓa yinta, don haka ranar da ta je awon farko na wani cikin ta faɗa wa ungozoma tun kafin a tambaye ta, a rubuta a katinta.